Mita Arba'in da Rijiyar Iya

Aikina a yau adana taswirorin filaye ne, kuma abokan aiki suna yi mini kallon mai taurin kai, domin ba na sa hannu a kan kwafin taswira sai na gwada shi da ƙasa. Ba a ofis na koyi wannan ba. A bakin murhun kakata, Iya, na koye shi, a gidanmu na Challawa, inda warin masana'antun fatu kan riga kiran magariba shigowa.

Da an idar da salla, muna jiran Baba ya taso daga aiki, Iya takan iza wuta ta ce, "Ga ta nan tafe, mai gyangyaɗi ya ba da wuri." Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta shaho da wata tsohuwa mai gona. Shaho ya yi sama ya sauko, ya ce ya ga gonar da idonsa, ba ta fi faifai ba, don haka ta karɓi faifai ta bar masa wurin. Tsohuwa ta tambaye shi ko ya hango rijiyarta. Ya ce ya hango, kamar ƙwayar wake. Ta sa aka jera wake a faɗin faifan, ya ci talatin. Ta ce, "Ashe faɗin gonata bakin rijiya talatin ne. Zo mu auna rijiyar." A nan Iya takan nuna mu da muciya: "Duk wanda ya ce muku abinku ƙarami ne, ku tambaye shi ina ya tsaya ya duba."

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare, a zangon da aka koya mana ma'aunin taswira, kamfanin da Baba yake wa aiki ya so faɗaɗa katanga zuwa gefen gonarmu. Wakilinsu ya zo da kwafin tsohuwar taswira da rula. A ƙasanta an rubuta cewa santimita ɗaya mita goma ce. Gonarmu ta ci santimita goma, wato mita ɗari. Ya ce abin da ya haura, har da rijiyar ban ruwanmu, nasu ne, sai Baba ya sa hannu. Baba ya riƙe biro, kansa a sunkuye.

"Ajiye abin nan tukuna," in ji Iya. Ta juya ga baƙon. "Alhaji, katangarku ta gaba tana cikin takardar?"

"Tana ciki, Hajiya. Amma wannan lissafi ne, sai wanda ya yi makaranta."

"Ai muna da 'yar boko, tuwo kawai take ci mana. Ke, zo ki jera mana wake."

Na ɗora rula a kan katangar: santimita biyar, mita hamsin ke nan. Muka fita da tef ɗinsa na awo, muka auna ta a ƙasa. Mita saba'in. Wajen yin kwafi an rage girman zanen, rubutun ma'aunin kuwa bai canja ba. Santimita ɗaya ta zama mita goma sha huɗu, gonarmu kuma mita ɗari da arba'in.

Wakilin ya ce kuskuren na'ura ne. Iya ta ce, "Da kumbura gonar ta yi, da tuni kun gano."

Baba bai sa hannu ba. Kafin damina aka sallame shi, ba a faɗi dalili ba, kuma da alayyafon da rijiyar nan ta shayar na gama sakandare.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar a matsayin darasin lissafi. Sai da na fara ganin masu gonaki suna shigowa ofis, suna rage murya a gaban takarda, na fahimci abin da Iya ta ƙi. Ba ta iya karanta ko harafi ɗaya ba, amma ba ta yarda takarda ta fi ƙasar da ta noma gaskiya ba. A makon jiya wani ya turo mini kwafi, ya ce in hanzarta, manya suna jira. Na ɗauko tef, na tambaye shi ina rijiyar take.