Layin da Uduma Lebbe ya ja

Uduma Lebbe bai taɓa hawa igiyar ruwa ba, ya ce wasan marasa aikin yi ne. Amma duk gabar da ke kudu da Pottuvil ba wanda ya kai shi sanin halin teku. Shekara talatin yana su, da gwiwa ta gaza sai ya koma zama a kan dutsen bakin ƙauyensu. Kullum da safe masu keke mai ƙafa uku sukan tsaya su tambaye shi.

"Tsoho, yau a kawo Turawan ko a bar su su yi barci?"

Sai ya dubi iska, ya dubi ruwa. In ya ce a kawo, ana kawowa. Bai taɓa faɗa ta tashi ba.

Da wannan igiyar ɗansa Riyas yake ci. Shi ke koya wa baƙi tsayuwa a kan allo, uwarsa na sayar musu da gurasar kwakwa da shayi. Sa'o'insa duk sun tafi Katar leburanci, shi kaɗai ya rage, kuma shi kaɗai Allah ya ba su.

Sirrin igiyar yashi ne. Duk damina tafkin bayan gari yakan cika, maza su fito da shebur su yanka masa hanya zuwa teku, daidai gindin dutsen. Ruwan ya kwashi yashi ya shimfiɗa a ƙarƙashi, igiya ta samu inda za ta kwanta a hankali, doguwa, har bakin gaɓa. Uduma Lebbe ke jan layin inda za a haƙa da sandarsa.

Bana ruwa ya yi yawa. Wan matarsa, Sini Muhammadu, ya zo a jiƙe, shinkafarsa ta nutse har wuya.

"Maccan, mijin ƙanwata, gindin dutse haƙan kwana uku ne. Ta arewa kafin la'asar mun gama. Yashi ai yashi ne, ina za shi?"

Uduma Lebbe ya san inda za shi. Amma surukinsa ne, ga mutane na kallo, kunya ta kama shi. Ya ja layin ta arewa. Shinkafa ta tsira, yashin kuwa ya gangara can cikin zurfi.

Da lokacin baƙi ya zo, iska ta yi daidai, ruwa ya taso yadda ya saba, amma igiyar sai ta miƙe ta faɗi gaba ɗaya a kan tsirarar duwatsu. A mako na biyu ta tsaga wa Riyas ƙafa. Masu keke suka daina tsayawa. Tsohon ya shiga ɗibar yashi a buhun shinkafa yana juyewa a gindin dutsen, yana ɗingishi, abin tausayi. Kafin ya kawo buhu na biyu teku ta lashe na farko.

Wata safiya Riyas ya hau dutsen ya zauna kusa da shi, takardar tafiya Katar a aljihu.

"Wappa, babana, yaushe igiyar za ta dawo? In wata ɗaya ne ko biyu, zan jira."

Da ya ce wata biyu, da yaron ya yaga takardar nan take, don bai taɓa musa wa ubansa a kan teku ba. Uduma Lebbe ya daɗe yana kallon ruwan.

"Damina huɗu," ya ce. "In an yi sa'a."