Ban Haƙurin da Muka Kai Kano

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ban ga ranar da zan manta tafiyar da muka yi Kano don ba kamfanin jirgin sama haƙuri ba. Shekaru sun ja, na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, ga shi yau da hannuna nake rubutu, amma har yanzu ban gama gane abin da ya faru a ranar ba.

Ɗana na fari matuƙin jirgi ne. Ba na kiran sunansa, ba na zama hira da shi a gaban mutane, haka muka taso muka ga ana yi da ɗan fari. A ƙauyenmu, can gefen Dawakin Tofa, kowa ya san bakina ba ya da murfi, amma da an soma zancensa sai in sunkuyar da kai in ci gaba da abin da nake yi.

Wata damina ana tsakiyar maimai sai ga shi da jaka. Da can yini yake yi ya juya. Wannan karon mako ya wuce, wani ya bi baya, har ya ɗauki fartanya yana bin ƙannensa gona. Na ja ƙanwarsa ɗaki na tsare ta. Korarsa aka yi? Ta ce a'a. Ciwo ne? Lafiyarsa ƙalau. Ya yi wa jirgin mutane ɓarna? Ko kwarzane babu. Na ce to me ya zaunar da shi?

Ta ce matuƙan suna da ƙungiya, kuma suna ja-in-ja da kamfani a kan sabuwar yarjejeniyar aiki. Ana sauke su daga wannan tafiya a ɗora su kan wata ba su runtsa ba. A wurin taro abokan aikinsa suka yi ta zungurinsa, shi kuma ya miƙe a gaban manyan kamfanin ya ce wata rana mai gyangyaɗi zai hallaka jama'a. Aka tafa masa. Daga ranar ba a sake ba shi jirgi ba. Kuma wai matuƙi in ya daɗe a ƙasa, hannunsa ya zama tsoho ke nan, sai an sake gwada shi, gwajin kuma kamfanin ne ke kai mutum. Ni dai kaina ya ɗaure. Ba a kore ka ba, ba a kuma bar ka ka yi aiki ba, wannan wane irin zama ne?

Baffansa, wan marigayi mijina, shi bai ga abin ɗaure kai ba. Ya ce yaro ya ɗaga wa na gaba da shi murya, manya za su je su ba da haƙuri, magana ta mutu, haka ake yi tun kakanni. Ya ɗauko liman da mai unguwa, ya ce kada yaron ya ji. Ya aiko in ba da zabi a kai gaisuwa. Na yafa mayafi na fito da kwandon a kaina.

"Ina zuwa?" in ji shi. "Ke da ɗan fari? Ina kunyar?"

"Zabina zan raka, Yaya," na ce, na shige bas na zauna.

Ofishin sanyi kamar cikin randa. Manajan bai girmi ɗana ba, ga fara'a, ga ladabi, har ruwa ya sa aka kawo mana. Baffa ya zame daga kujera ya durƙusa, dattijo da geminsa, ya ce sun zo ne a yafe wa yaro, ƙuruciya ce. Zabin suna ta ihu a cikin kwando.

Manajan ya washe baki. "Haba Baba, tashi! Ai shi ke nan. Tunda iyayensa sun yarda ya yi kuskure, zan sanar da ƙungiyarsu, cikin makon nan ya koma sama." Ya kira wata ma'aikaciya ta zo da waya, ya ce Baffa ya maimaita a ɗauka.

Daɗi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Amma wayar nan ta tsaya mini a rai. A garinmu ban taɓa ganin an ɗauki ban haƙuri a hoto ba. Sai na ji bakina ya buɗe.

"Yaro, wane kuskuren ne?"

"Mama, abin da ya faɗa a taro."

"Ƙarya ya yi? Suna samun barcin?"

"Ba maganar ƙarya ba ce, yadda ya faɗa ne."

"To yaya ake faɗa? Koya mini in je in koya masa."

Baffa ya juyo yana huci. "Ke, rufe mana baki!" Liman ya hau gyaran murya. Manajan ya daina murmushi, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wai ke wace ce a wurinsa?"

Tun da na haifi ɗana ban taɓa faɗar haka a gaban maza ba. Na ce, "Ni na haife shi. Kuma ban ji laifin ba tukuna."

Ma'aikaciyar ta sauke waya. Manajan ya duba agogo ya ce yana da taro. Na ɗauki kwandona muka fito. Muka kama hanyar gida.

Muka tarar da ɗana a ƙofar gida da laka a ƙafa. Baffa ya zayyana masa komai yana nuna ni da sanda. Yaron ya ce, "Inna, an ɗauki hoton?" Na ce a'a. Ya sauke wani dogon numfashi. "Da an ɗauka, da maganarmu gaba ɗaya ta rushe." Na ce to ashe daidai na yi. Ya yi 'yar dariya. "Daidai kika yi. Ni kuma shi ke nan, ba za su mayar da ni ba." Na tsaya ina kallonsa, na rasa murna zan yi ko kuka.

Kafin a yanke dawa kamfanin ya yarda da hutun da ake nema. Ƙungiya ta karɓa, kowa ya koma bakin aikinsa yana barci ya ƙoshi, kuma babu wanda ya sa komawar ɗana cikin sharaɗi. Masu tafin nan ko wayarsa suka daina ɗauka. Sai da ya sha zama kafin ya samu wani ƙaramin kamfani mai jigilar kaya a wata ƙasa, yanzu daga salla sai salla muke ganinsa. Baffa har ya koma ga Allah yana cewa bakina ne ya sauko da yaron ƙasa. Wata ran in ce ya yi gaskiya, wata ran in ce bai yi ba.

Abin da dai na riƙe shi ne, ba na ƙara bin kowa zuwa durƙuso sai an faɗa mini laifin da baki, na ji da kunnena. Jikokina kuwa ina gaya musu, duk ranar da jama'a suka ce ka tashi ka faɗa mana, ka faɗa ɗin, amma ka fara waiwayawa ka ga su wa suka miƙe tare da kai.