Garin Kukar Kawu

Ƙawayena, yau saura ƙiris a kwashe ni a tsumma!

Kawu maharbi ya raka ni tashar Bodinga da wata gora, in kai wa abokinsa a Horo Birni. Direba ya ce in albarushi ne, kuɗin mutum biyu za a biya, kuma saman mota za a ɗaure shi. Kawu ya ce, "Cikin tsadar ga? Garin kuka na."

Na yarda, na rungume gorar a cinya. Barci ya sace ni. Ina mafarkin gonakin albasa sun zama tafki, taurari suna sauka a kan zanena a hankali, gwanin kyau.

Sai na ji an ce, "Ɗiyata, kada ki motsa." Na farka firgigit.

Wani dattijo ne. Ashe taurarin tartsatsin sigarin na kusa da ni ne, tsumman bakin gorar har ya fara hayaƙi! Dattijon ya shinshina, ya juye mini ruwan butarsa kaf a kan gorar.

Shi kuwa abokin Kawu, da ya buɗe gorar, cewa ya yi, "Wa yaj jiƙa man albarushi?"