Ranar da Ardo Juli Ya Ƙi Dafa Alƙur'ani

Tun da farko ina neman afuwa. An kwana biyu da faruwar abin nan, kuma ba zan iya cewa kowace kalma da zan kawo haka aka faɗe ta ba. Amma ranar kanta ba ta taɓa fita raina ba, kuma da sababbin ma'aikatanmu suka nemi in ba su labari ɗaya daga fagen aiki, ita ce ta fara faɗo mini.

Lokacin ban daɗe da gama karatun shari'a a jami'a ba. Ƙungiyarmu mai kare haƙƙin makiyaya ta turo ni buronta, wato ofishinta, na Konni a matsayin mai ba da shawara kan doka. Ni ba lauya ba ne. Aikina in saurari koke, in duba abin da doka ta ce, in raka mutane gaban hukuma.

Akwai wani fili tsakanin Dogarawa da Illela mai tsohuwar rijiya a tsakiyarsa. Nan zuriyar wani dattijon Bafulatani, Ardo Juli, suke zama da rani. Da damina su yi arewa da shanu don kada su shiga gonakin mutane, bayan girbi su dawo. Wata shekara suka dawo suka tarar da turakun siminti da waya sun kewaye filin har da rijiyar. Mai garin ƙauyen da ke kusa ya sayar wa wani Alhaji ɗan kasuwa, zai yi lambun albasa.

Ga waɗanda ba aikinsu ba ne, bari in ɗan yi bayani. Dokar karkara ta yarda cewa makiyayi yana da wurin asali da yake komawa, inda shi ne kan gaba wajen ruwa da ciyawa, ko bai gina ɗaki ba, ko bai taɓa sa hauya a ƙasa ba. Magabatanmu a wannan aiki sun sha wuya kafin a rubuta hakan. Sai dai rigimar fili ba ta isa gaban alƙali sai ta bi ta fada an gwada sulhu, kuma abin da aka rubuta a zaman sulhu shi ke bin maganar duk inda ta je.

Na yi makonni ina shiri. Na samo tsofaffi da suka san kakan Ardo ne ya gina rijiyar, na haddace sassan dokar. Shugaban buronmu ya ce mini, "Kwantar da hankalinka, doka na bayanmu."

An zauna da hantsi a rumfar ƙofar fada. Wakilin sarki ne ya jagoranta, ga sakataren kwamitin filaye da biro a hannu, ga jandarma a gefe. Mai gari da Ardo sun san juna tun suna samari, har ma mai gari ya fara da tsokana.

"Ardo, har yanzu kana bin wutsiyar saniya?"

"Ina bi, Mai gari. Ita dai ba ta taɓa saida ni ba."

Aka yi dariya, ban da Alhaji.

Mai gari ya ce filin na gidansu ne, mahaifinsa ne ya ba Fulani aro. Shaidunmu suka ce ba su taɓa jin zancen aro ba. Ni ma na tashi na karanto doka na fassara ta da Hausa. Wakilin sarki ya bar ni na gama, sannan ya kira ni yadda ake kiran 'yan boko a nan, ya ce, "Mushe, mun ji karatu, Allah shi ƙara sani. Amma wanga ya ce aro, wancan ya ce gado. Takardarka ba ta nan sadda anka gina rijiya."

Sai wani daga cikin mutanen Alhaji ya ce a sauƙaƙa wa kowa: Ardo ya dafa Alƙur'ani cewa ba aro ba ne, su kuma su cire wayarsu yau ɗin nan. A gaskiya na ji daɗi. Na ɗauka sun ba mu nasara da hannunsu.

Ardo ya yafito ni muka koma bayan rumfa.

"Ɗana, gidanmu ba a dafawa."

"Baba, ai kan gaskiya za ka rantse."

"Ko kan gaskiya. An taɓa riƙe ma babana bijimi a kasuwa, anka ce shi rantse nashi ne, ya bar musu shi ya taho gida. Littafin Allah ba a ɗauko shi don ƙasa. Wanda ya dafa, abin yana bin garkensa da ɗiyansa, ko da shi ke da gaskiya."

Na roƙe shi. Na ce malamai sun halatta, na ce rijiyar jikokinsa ce, na ce in ya ƙi yau ba lalle mu sake samun wannan dama ba. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Ka yi ƙoƙari, Allah shi biya ka. Ba ni dafawa."

Na nemi a ɗaga zaman. Wakilin sarki ya ce al'ada ita ce in ɗaya ya ƙi, rantsuwa ta koma kan ɗayan. Mai gari ya yi alwala, ya dafa, ya faɗi abin da zai faɗa. Bai kalli wajen da Ardo yake ba. Sakatare ya rubuta cewa makiyaya sun ƙi rantsuwa, kuma an yi musu alfarmar shayarwa zuwa faɗuwar ruwan farko.

Muna fita sakataren ya dafa kafaɗata yana murmushi. "Kai baƙo ne. Duk ƙasar nan wa bai sani ba gidan Juli ba su dafawa?"

Ban ce an shirya abin tun kafin a zauna ba, don ba ni da hujja. Ban kuma ce mai gari ya rantse kan ƙarya ba, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa ne. Abin da na gani na faɗa.

Mun kai ƙara kotu. An canza alƙali, an ɗaga, an sake ɗagawa. A rahoton da na tura babban buronmu na Yamai na rubuta cewa an raba mutane da rijiyarsu. Aka dawo mini da shi an gyara zuwa "ba a cimma matsaya ba", wai don kada mu ɓata da hukumomi. Na sa hannu. A wannan shekarar ma an yi babban taro a otel kan haƙƙin makiyaya, an raba jaka da hula. Shekarar da ta biyo, iyalin Ardo ba su dawo ba. Wasu sun ce sun ƙetara iyaka, wasu sun ce garken ya rabu.

Abin da na koya, in ma na koyi wani abu, shi ne doka tana iya cewa mutum ɗan asalin wuri ne, sannan a nemi shaidar hakan ta hanyar da an riga an san ba zai iya bi ba. Ku da kuka fara aikin nan, kafin ku haddace doka, ku tambayi mutanen da za ku raka abin da ba sa yi ko da za a yanka su. Abokin rigimarsu ya riga ku sani.

Duk wanda ya halarci zaman ya ga na yi kuskure, ya turo gyara ta buronmu na Konni, zan karɓa. In kuma akwai wanda ya san inda iyalin Ardo Juli suke shayar da shanunsu yanzu, don Allah ya sanar da ni. Ƙarar tana nan ba a rufe ba, kuma in an kira zama gobe, ban san inda zan aika a same su ba.