Rabo Uban Ekip

A Dogon Dutsi, a shekarun ƙarshe na mulkin Faransi, ba a taɓa buga balo, wato ƙwallon ƙafa, ba Rabo ba ya bakin fili. Shi kuwa tun da uwarsa ta haife shi ƙafarsa ba ta taɓa balo ba, ko da kuskure. Wannan bai hana shi sanin wanda ya iya da wanda bai iya ba, bai kuma hana shi faɗa wa duk wanda tsautsayi ya kai rumfarsa sayen kanwa ba.

Ɗan kokawa ne a da. Asalinsa mutumin Matankari ne, kuma a zamaninsa, in kaka ta yi aka cika rumbuna, daga Sukukutane har Tibiri ba fagen da bai shiga ba. Yakan ce bayansa bai taɓa ƙasa ba. Tsofaffin da suka san shi, in ya faɗi haka, sai su dubi wani wuri su gyara hula. Da gwiwa ta ƙi, ya sauko Dutsi da matarsa Altine da 'ya'yansa maza biyu, ya kama sayar da kanwa da gishiri, da damina kuma ya duƙa a gonar gero.

Balo ta shigo garin ne ta ƙofar lakwal, wato makarantar boko. Wani malamin lakwal, Mushe Issa, kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci, shi ya tattara samarin gari ya yi ekip, ƙungiyar 'yan wasa: akwai ma'aikatan bariki, akwai tela, akwai mahauta. Ranar da Rabo ya fara zuwa fili, dariya ta kai shi. Ya ce zai je ya ga ƙarti da gemunsu suna tseren bin fatar akuya. Kafin magariba muryarsa ta dishe don ihu. Tun daga ranar mutane suka sa masa Uban Ekip don tsokana, shi kuwa ya karɓi sarautar hannu bibbiyu, bai taɓa jin tsokanar ba.

Sai dai fa Rabo da idon kokawa yake kallon balo, kuma ba wanda ya iya sauya masa ido. In an kawo sabon ɗan wasa, ba ya jira ya ga bugunsa. Sai ya zagaya shi, ya dubi wuya, ya latsa cinya kamar mai cinikin sa a kasuwa, sa'an nan ya tambayi ɗan gidan wane ne. In uban yaron bai taɓa kayar da kowa ba, magana ta ƙare. Tukur tela, mai tsaron gida, ya sha wahalarsa fiye da kowa. Duk sa'ad da Tukur ya yi tsalle ya kwanta ya cafke balo, fili ya ɗauki tafi, Rabo sai ya kau da kai.

"Mutum shi kai kanshi ƙasa, ba wanda yat taɓa shi," in ji shi. "Wagga wace irin sana'a ta?"

Kunnen doki ma bai yarda da shi ba. A ganinsa, in lokaci ya cika ba wanda ya ci, a ci gaba har wani ya faɗi.

Akwai kuma ƙaramin ekip, na 'yan lakwal, waɗanda Mushe Issa yake reno don gobe. Su Rabo bai ɗauke su 'yan wasa ba sam. Ƙafafu kamar karan gero, ga gudu ba nauyi. Ya ce amfaninsu ɗaya ne, irin na yara a fagen kokawa: su fara shiga su tattake ƙaya, su sa mutane dariya, in manya sun iso su koma gefe su zauna. In an ce masa wane a cikinsu ya iya, amsarsa ba ta sauyawa: "Shi ci tuwo tukuna."

Abin da ya sa zancen ya yi nauyi shi ne, 'ya'yansa biyu kowa da inda yake. Babban, Maikano, shi ne mai tsaron baya a babban ekip, ƙato ne mai wuya kamar turmi, mai haƙuri, wanda 'yan gaban abokan hamayya sukan yi karo da shi su koma da baya. Rabo ba ya yabonsa a fili, don ɗan fari ne, amma in Maikano ya ture mutum sai ka ga gemun tsohon yana rawa. Ƙaramin, Sabo, yana ekip ɗin 'yan lakwal. Siriri ne, ba shi da yawan magana, in ya ɗauki balo kuwa sai ka rantse da zare ya ɗaure ta a ƙafa. Rabo yakan ce yaron dangin uwarsa ya biyo. Altine takan ce haka ne, shi ya sa yake da hankali.

Shekarar da Sabo zai gama lakwal, Mushe Issa ya zo rumfar kanwa ya durƙusa ya gaida Rabo, ya ce yana so ya sa Sabo a babban ekip.

"Mushe, kai ka san takarda, ni kau na san hwage," in ji Rabo. "Gidanmu ƙane ba shi shiga hwage wanai na tsaye. Hakanan na iske, hakanan ni ma na jira har yayana yab bari."

"Baba Rabo, ai ba da juna za su kara ba. Gehe guda za su tsaya."

"To in anka yaba ƙaramin anka bar babban hwa? Kai za ka zo ka zamna muna gidan?"

Mushe Issa ya yi bayani har ya gaji. Rabo ya ƙulla masa kanwa kyauta ya sallame shi.

Ba a daɗe ba aka haɗa manya da ƙanana wasan gwaji. Ana cikin wasa Sabo ya taho da balo, Maikano ya tare shi. Yaron ya yi kamar zai bi dama, Maikano ya kai jiki can, yaron ya bi hagu. Ƙaton ya nemi juyowa, ƙafafunsa suka harɗe, ya zauna daɓas a cikin rairayi. Fili ya kwashe da dariya, har shi Maikano ɗin yana zaune yana dariya.

Rabo bai yi dariya ba. Abin da ya gani daban ne da abin da kowa ya gani. Shi dai ya ga ƙane ya kai wansa ƙasa a gaban gari, kuma a gidansu wannan abin kunya ne da akan daɗe ana tunawa. Ya naɗe buzunsa ya tafi gida tun ba a tashi ba. Da yaran suka dawo ya kira su.

"Baba, balo ta hwa," in ji Maikano. "Kowa na hwaɗuwa."

"Kai yi shiru, ba ka san abin da anka yi maka ba." Ya juya ga Sabo. "Kai kuma, muddin yayanka na bugawa, kak ka sake sa ƙahwa hilin ga. Kuma ko ina kunka gamu, ba ka wuce shi. Ka ji?"

"Na ji, Baba."

Yaron ya daina zuwa fili. Da yamma, in ihun 'yan kallo ya taso daga wajen lakwal, sai ya ɗauki igiya ya tafi yankan ciyawar akuya can nesa inda ba a jin kome. Maikano ya ce shi zai bar balo don ƙanensa ya shiga, Rabo ya ce in ya kuskura ya bari don wannan, bai yafe ba. Bayan kaka Altine ta ce wanta Idi, makanike a Birnin Ƙwanni, yana neman yaron da zai koya wa gyaran mota. Rabo ya ce ya tafi, yunwa za ta koro shi kafin shuka.

Shuka ta zo ta wuce, yunwa ba ta koro kowa ba. Rabo ya yi kewar yaron ƙwarai, kewar da ba ta bar shi ya ji daɗin tuwo ba, amma ya gwammace a cire masa haƙori da ya faɗa. Sai dai ya ƙara tsananta wa ƙaramin ekip. Yakan tsaya yana kallonsu fiye da da, ya ce ba ko ɗaya a cikinsu da ya san inda ƙafarsa take. Mutane suka lura bai ƙara cewa su ci tuwo ba, cewa yake ba su kai wani ba, kuma ba ya faɗin wane ne wanin.

Da kaka ta zagayo aka ce ekip ɗin Ƙwanni zai zo. Rabo ya yi kwanaki yana tsara wa Mushe Issa wanda zai tsaya ina, Mushe Issa yana cewa to, yana yin abin da ya ga dama. Ranar wasa kamyo, babbar motar kaya, ya tsaya a bakin fili, 'yan Ƙwanni suka yi ta dirowa da jajayen riguna. Na ƙarshen dirowa Sabo ne. Ya ƙara tsawo, hannuwansa sun yi baƙin mai, kafaɗa ta ɗan buɗe. Ya hango ubansa, ya rusuna daga nesa. Rabo ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaida a kasuwa.

Abin da Sabo ya yi wa Dutsi a ranar, an daɗe ana zancensa. Ya bi ta gefen da ba Maikano, ya wuce mahauci, ya wuce ma'aikacin bariki, ya ba wani ya zura wa Tukur. Dutsi ta rama da ƙyar. Rabo yana zaune a buzunsa, bakinsa yana zagin 'yan bayan Dutsi, idonsa kuwa bai bar ƙafafun nan ba. Bai taɓa ganin abu mai kyau irin wannan a fage ba, na kokawa ko na balo, kuma ya san haka.

Rana ta yi ƙasa, alkalin wasa ya fara duban agogo. Sai balo ta faɗo wa Sabo a tsakiyar fili. Ya wuce ɗaya, ya wuce biyu. Ba wanda ya rage tsakaninsa da Tukur sai Maikano. 'Yan Ƙwanni suka miƙe. Mutanen Dutsi suka kama kai, don kowa ya tuna yadda ta kaya bara.

Sabo ya iso gaban wansa, ya rage gudu, ya tsaya. Ya ɗora ƙafa a kan balo, ya sunkuyar da kai kamar mai gaisuwa. Maikano ma ya tsaya, ya rasa abin yi.

"Wuce shi, ɗan nema!"

Muryar ta fito ne daga gefen Dutsi, kuma duk garin ya san mai ita. Rabo yana tsaye, hularsa a ƙasa, bai san sa'ad da ya tashi ba. Amma kafin maganar ta isa, wani ɗan Dutsi ya zo ta baya ya kwashe balo ya buga ta waje. Aka busa, aka tashi kunnen doki.

Mutanen Dutsi suka yi ta murna, wasu har suna zuwa yi wa Rabo barka da tarbiyya. 'Yan Ƙwanni kuwa suka kewaye Sabo da faɗa. Da suka gaji ya zo ya durƙusa gaban ubansa.

"Mi yas sa ka tsaya?" in ji Rabo.

"Kai kac ce, Baba."

Rabo bai taɓa jin maganarsa ta yi masa ɗaci haka ba. Ya dubi Maikano, wanda ke tsaye gefe idanunsa sun yi ja, ya dubi Mushe Issa, wanda ya yi kamar yana kwance ragar gida.

"To, na ce. Yanzu kuma na ce ka komo gida. Mushe na nan, rigar Dutsi na nan. Ku tsaya gehe guda kai da yayanka."

"Baba, na ba kawu Idi alkawali sai na ƙare koyo, kuma ya hwara sakar mani aiki. Mutanen ga kuma su sunka ba ni riga sa'ad da ba ni da ita. In na bar su yanzu, mi za a ce da gidanmu?"

Da wani ne ya faɗi haka, da Rabo ya ce ɗan halak ne, a ba shi goro. Ba inda maganar ta karkace. Direba ya yi oda. Sabo ya shiga gida a gurguje ya gaida uwarsa, ya fito da ƙullin fura, ya hau kamyo.

Rabo ya tsaya har motar ta sha kwana. Sa'an nan ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe, ya nufi Mushe Issa.

"Mushe, yaushe Ƙwanni za su komo?"

"Sai baɗi, Baba Rabo, in Allah ya kai mu."

"Ba a iya kiran su kahin nan?"

"In sunka komo da yaron ga, kuma bai tsaya ba, ai kashinmu ya bushe."

"Na sani," in ji Rabo. "Ka kira su dai."

Sabo bai sake zama a Dutsi ba. Ya zama makanike, ya yi aure a Ƙwanni, ya yi shekaru yana buga musu. Rabo kuwa ya ci gaba da zama Uban Ekip har tsufa ya hana shi fita, yana latsa cinyoyi, yana faɗa da alkalin wasa, yana yi wa Dutsi addu'ar nasara a kan kowa. Amma duk shekara, ranar da kamyon Ƙwanni zai zo, tun da hantsi yakan rufe rumfa, ya sa rigarsa ta sallah, ya je bakin hanya ya zauna shi kaɗai yana jiran mutanen da za su ci garinsa.