Gidan da Shuɗi Bai Kai Ba

Baban Kati ake ce masa a asibitin masu hawan jini, tun zamanin da sunan kowane majinyaci ke kan kwali a cikin durowa. Tagarsa ce ta farko in ka shigo, ga dogon benci, ga tsohuwar fanka da ke kuka a sama. Mutum ne mai tsokana. Tsohuwa in ta zo jininta ya hau, sai ya leƙo ya ce, "Inna, gishirin nan fa ba gadonki ba ne, ki rage wa jikoki."

Da aka kwashe durowoyin aka dire masa kwamfuta, kowa ya ce ta Baba ta ƙare. Ina! Ya zauna ya koya da yatsa ɗaya, yana yi yana yi wa na'urar faɗa. Allon gida-gida ne, kowane majinyaci da layinsa: suna a gidan farko, sai lambar waya, sai ranar dawowa. Gidan ƙarshe, can gefen dama, na waɗanda Allah ya yi wa rasuwa ne. Nan yake rubuta "ya rasu", don kada saƙon tuni da na'ura ke turawa ya faɗa gidan makoki. Bai taɓa goge sunan kowa ba. Ya ce mutum ba datti ba ne.

Aikin duk a jan linzamin kwamfuta yake. Ka danna a kusurwar hagu, ka riƙe, ka ja har shuɗi ya rufe gidajen duka, sannan ka sa na'ura ta jera mutane bisa ranar dawowarsu. Duk ma'aikacin da ya zo koyo sai ya ja masa kunne: "Ka kai shuɗin har bango. Gidan da ka bari a waje, ka raba shi da mai shi."

To, sai hannunsa na dama ya fara rawa. Da fari ɗan yatsa ne kawai, daga baya har wuyan hannu. Bai gaya wa kowa ba. Tsoro yake ji, tsoro sosai, domin ya san ranar da aka gani za a ba wani tagar. 'Ya'ya sun girma sun watse, abokai sun ƙare ɗaya bayan ɗaya. In aka raba shi da tagar nan, wa zai tsokana? Sai ya koyi dafe hannun dama da na hagu in zai ja, in an leƙo kuma ya tura shi ƙarƙashin tebur.

A gida ma ɓoyewa yake. Abin da kawai ya dame shi, matarsa ta ɗauko sabon hali, ba ta cika masa kofin shayi, kullum rabi.

"Maman yara, rowa kika koya da tsufa?"

"Ka shanye in ƙara maka, Malam," ita ce amsarta kullum.

Wata safiya, benci cike, ana ta kiransa ta taga, ya ja shuɗin kamar yadda ya saba. Yatsan ya zame kafin ya kai bango, shi kuwa idonsa na kan masu jira. Ya sa na'ura ta jera. Sunaye suka tashi, lambobi da ranaku suka bi su, gidan ƙarshe ya tsaya inda yake. "Ya rasu" ta koma gaban masu rai, mamata suka wayi gari ba alama. Saƙonni suka fita.

Ranar Litinin wata mata ta tsaya a tagarsa, waya a hannu. Ya gane ta. Ita ce ke rako mijinta, wani dogon tela mai yawan dariya, wanda Baba da kansa ya rubuta wa "ya rasu" watannin baya. Ba faɗa ta zo yi ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Ta miƙo wayar a hankali.

"Baba, kun ce ya zo yau, kada ya makara. Ƙaramarmu ce ta karanta, tun ranar take tambayata ko a asibiti kuka ɓoye shi. Na ce bari in zo in ji, a ina zan samo muku shi?"

Mai tsokanar duniya ya ɗaga hannu zai ba ta haƙuri, hannun ya kama rawa a fili, gaban kowa. Wannan karon bai mayar da shi ƙarƙashin tebur ba.

Likitar da ke shugabantar wurin ta ce allon zai gyaru, akwai tsohon kwafi. Ta ce rawar hannu ma akwai maganin da ke sassauta ta, me ya sa bai faɗa ba tun wuri?

"Allon zai gyaru, Likita," in ji shi. "Yarinyar fa?"

Ya ajiye mata makullin tagar. Ta ce ya je ya yi tunani, ya ce ai tunanin ne ya kawo shi.

Ya iso gida da rana tsaka, lokacin da bai taɓa dawowa ba. Matarsa ta dube shi, ta ɗora ruwa a wuta. Da ta zuba shayin, rabi ne kamar kullum. Ya daɗe yana kallon kofin, ya kalli hannunsa da ke kaɗawa a kan gwiwa, ya sake kallon kofin.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da na fara rowa."

Ya ɗauki kofin, shayin na tangaɗi a ciki amma bai zuba ba. Ta matso ta tallafo gindin kofin da tafinta, ta riƙe har ya kai baki.