Ni na sa masa suna Kawu Gunki

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan aka kira ni daga unguwar Zahir, aka ce Kawu Idrisu mai aikin jibs, wato adon silin, ya rasu.

Da yawanku ba ku san shi da Idrisu ba, Kawu Gunki kuka sani. To ni na sa masa sunan, kuma ban nemi yafiyarsa ba.

Lokacin da nake karatun zane ta intanet, darasin tarihin sassaƙar Turawa ya gagare ni. Kawu ya karanci fannin tun yana saurayi. Bai yarda ya zana min mutum ko a takarda ba, sai ya miƙe a tsakar shagonsa ya nuna min da jikinsa.

Ya dunƙule hannu ya ce na mutanen kogo ke nan, ɗan mitsitsi, ciki da ƙugu manya, ba fuska. Ya ƙame, hannuwa manne da cinya, wai Girkawan farko. Sai ya saki nauyinsa a ƙafa ɗaya, ƙugu ya karkace, ya ce nan ne dutse ya fara numfashi. Rumawa kuwa ba su yi wa kowa kara ba, sanƙo da tamoji duk sai sun fitar. Da ya zo kan na zamanin tsakiya, ya miƙa wuya ya zare ido sama, ya ce su jiki bai dame su ba, sun lulluɓe shi da tufafi, lahira suke kallo.

Na ci jarabawar. Tukuicin da na ba shi, na je majalisarmu a unguwar Shisha na kwaikwaye shi, na ce ga Kawu Gunki.

Aka yi dariya, sunan ya bi shi. Wasa ya zama magana, wai yana ɓoye gumaka a shago. Wasu suka daina ba shi aiki. Ina ji ina gani na ja bakina, don kunya.

Shi kuwa bai fasa aje min dabino a aljihun rigarsa ba.

Makon jiya na gan shi bakin masallaci bayan La'asar, ya rame, ya jingina a ƙafa ɗaya. Maimakon abin da ya kamata in faɗa, sai na tsokane shi da tsayuwar Girkawa. Ya yi murmushi ya ce, "A'a ya waladi, ɗana, na wuce nan. Yanzu na zamanin tsakiya ne ni, sama nake kallo."

Maganar tana bakina, wallahi tana bakina. Tasi ta tsaya, na ce a raina sai Juma'a.

Yanzu wa zan roƙa? Ban san yadda zan sauke wannan haƙƙin ba.

Na shaida a gaban Allah, Kawu bai taɓa sassaƙa mai rai ba. Furanni da taurari yake yi a silin ɗin mutane.

Allah ka gafarta masa, ka haskaka kabarinsa, ka yafe min abin da bakina ya jawo masa. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, kuma ya kira shi da sunan da iyayensa suka sa masa.

Idrisu.